Tsiron da ke cikin kwalba bai tsira ba tukuna

Ranar Litinin ɗin da ta wuce na shiga ɗakin da muke jera kwalabe a lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwajen da muke renon tsirran dutse masu fuskantar ƙarewa a cikin kwalba, tun daga bakin ƙofa na hango wani fari-fari kamar auduga a kanta ta biyu, gabana ya faɗi don na san ko mene ne. Funfuna ce. Ta cinye kusan rabin kwalaben da na shafe wata huɗu ina lallaɓawa, kuma ba wai tsiron da za ka koma gobe ka sake yankowa ba ne, ɗan ƙaramin tsiron kan dutse ne wanda aka ba mu izinin yankar 'yan toho kaɗan daga jikinsa, kaɗan ɗin ma sai da aka ƙirga. Na daɗe a tsaye wallahi kafin na iya fara kwashe su. Sauran rabin suna nan lafiya alhamdulillahi, su nake ta leƙawa safe da yamma.

Wani abokina da na ba labarin yace min, wai duk wannan damuwar a kan ciyawa? Ban ji haushi ba ko kaɗan, don ni ma kafin na shiga aikin nan haka nake gani, dutse dai dutse ne, ciyawa kuma ta fito da damina ta bushe da rani. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na fahimta, ko wani zai karanta ya dubi abun da wani ido.

Rayuwa a saman tsauni daban take. Duk mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 0.6, ga iska mai kaɗawa ba tsayawa, ga rana mai ƙuna saboda iskar can ba ta da kaurin tare ta, ƙasar kuma 'yar kaɗan ce a tsakanin duwatsu. A manyan tsaunukan Turai da Himalaya dusar ƙanƙara na rufe wuri mafi yawan shekara, watanni biyu ko uku ne kawai tsiro zai fito ya yi ganye ya yi fure ya zuba iri, in ya makara shikenan sai baɗi. A tsaunukan da ke kusa da tsakiyar duniya irin su Kilimanjaro da tsaunin Kenya da Ruwenzori kuwa abun kullum ne, da rana zafi da dare sanyi har ruwa ya daskare, shi yasa akwai manyan tsirrai a can da suke naɗe ganyensu da daddare su rufe tohon tsakiya, gari ya waye su buɗe. Tsiron da ke irin wannan wuri baya sauri. Wanda za ka iya rufe shi da tafin hannunka yana iya girme ka a shekaru. To ka ga takalmi ɗaya in ya sauka a kai, aikin shekara goma ko ashirin ne ya tafi.

Sannan kowane ƙololuwar dutse kamar tsibiri yake. Tsiron da ya saba da sanyin sama ba zai iya saukowa kwari ya tsallaka zuwa dutsen da ke kallonsa ba, don haka da yawansu a dutse ɗaya tak suke a duk duniya, wani lokacin ma a gefe ɗaya na dutsen. Yanzu ga ɗumamar yanayi ta zo. A 2018 an fitar da wani babban bincike da ya duba ƙololuwa 302 a Turai da bayanan shekara 145, aka ga tsirran ƙasa-ƙasa suna ta hawowa sama, kuma saurin da suke shigowa tsakanin 2007 da 2016 ya ninka na shekara hamsin baya sau biyar. Wani zai ce ai ƙaruwa aka yi, alheri ne. A'a. Waɗanda ke hawowa sun fi tsayi sun fi saurin girma, suna yi wa na asalin wurin inuwa suna ƙwace musu 'yar ƙasar da ke akwai, su kuma na asalin ba inda za su ƙara hawa, dutsen ya ƙare. Gaba kura baya siyaki.

Amma gaskiya tun kafin zancen yanayi, mu ne da hannunmu da ƙafarmu da bakin dabbobinmu. Furen nan na tsaunukan Alps da ake kira edelwais, tsinkarsa ta yi yawa har a 1878 yankin Obwalden na ƙasar Suwizalan ya haramta tono shi da saiwa. A tsibirin Maui na Hawai akwai wani tsiro mai ganye kamar takubban azurfa a dutsen Haleakala, mutanen wurin na ce masa ahinahina, yana yin shekaru masu yawa sannan ya yi fure sau ɗaya ya mutu, a shekarun 1920 saura ƙiris ya ƙare saboda awaki da shanu da kuma masu yawon buɗe ido da suke tuge shi su gangarar da shi ƙasa don nishaɗi kawai. Wanda ya fi tsaya min a rai kuma shi ne na gabashin Himalaya, wani fure mai gashi kamar auduga da ake kira Saussurea laniceps, ana cire shi don magani da kuma sayar wa baƙi. Masu cira manyan suke zaɓa, kuma suna cirewa daidai lokacin da yake fure kafin ya zuba iri. Wasu masu bincike, Wayne Law da Jan Salick, sun gwada busassun samfura na tsawon shekara ɗari da na yanzu, a 2005 suka nuna cewa tsiron ya gajarce da kusan santimita 10. Wato gajerun ne kawai ake bari su haihu, har jinsin gaba ɗaya ya koma gajere. Mun sauya masa halitta ba tare da mun sani ba.

To ina lab ya shigo?

In tsiro yana ba da iri mai kyau kuma irin yana fitowa, ba sai an wahala ba, a tara irin a busar a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, yanda ake yi a babban rumbun iri na lambun Kew da aka buɗe a Wakehurst ta Ingila a shekarar 2000. Matsalar ita ce bincike ya nuna irin tsirran saman dutse baya jure ajiya kamar na 'yan uwansu na ƙasa, yana saurin mutuwa. Wasu kuma sun ragu har ba sa yin iri sam, ko ƙwaron da ke kai musu garin fure ya ɓace, ko irin yana nan amma ya ƙi tsirowa. A nan ne ake komawa kwalba.

Tushen abun shi ne, ƙwayar halitta guda ta tsiro tana ɗauke da duk bayanin da ake bukata a sake gina tsiron gaba ɗaya, da saiwa da kara da ganye. Wani masanin tsirrai mai suna Gottlieb Haberlandt ne ya faɗi haka tun 1902 duk da shi kansa gwajinsa bai yi nasara ba. Sai a 1957 Skoog da Miller suka gano cewa sinadaran girma guda biyu ne ke juya akalar, oksin da saitokainin, in saitokainin ya rinjaya sai toho ya yi ta fitowa, in oksin ya rinjaya sai saiwa. A 1962 kuma Murashige da Skoog suka haɗa abincin da har yau shi aka fi amfani da shi, a kan taba ma suka yi aikin. Gishirin ma'adinai ne da bitamin da sukari, yawanci giram 30 a lita, sai a zuba wani gari da ake samu daga ciyawar teku mai suna aga don ya daskare ya zama kamar jeli. A zuba a kwalabe, a saka su a tukunyar tururi mai matsi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20 don kashe duk wani abu mai rai a ciki.

Sai aikin da ke cin rai. Ɗan tohon da ka yanko, wanda wani lokacin bai kai ƙwayar ashana ba, jikinsa cike yake da ƙwayoyin cuta da 'ya'yan funfuna, kuma abincin nan mai sukari su ma shi suke so, sun kuma fi tsiron saurin girma nesa ba kusa ba. Dole ka tsoma shi a sifirit na 'yan daƙiƙu, ka jiƙa shi a ruwan bilic da aka sirka, ka ɗauraye da tsaftataccen ruwa sau uku ko fiye. In ka gaggauta cire shi, funfuna ta cinye. In ka bar shi ya daɗe, bilic ɗin ya kashe shi. Tsakanin nan 'yar siririyar hanya ce, kuma kowane jinsi da tasa. Tsirran dutse ma sun fi wuya don yawancinsu gashi ne da su, gashin da ke kare su daga sanyi da rana shi ne maɓoyar datti. Kana zaune gaban wani teburi da ke hura tatacciyar iska, hantsaki a hannu ɗaya aska a ɗaya, kana ƙona su a wuta bayan kowane yanka, ba ka magana, ko numfashi a hankali kake yi. In an dace bayan 'yan makonni sai ka ga toho ɗaya ya zama uku ko biyar, ka raba su ka sa a sabbin kwalabe, duk sati huɗu zuwa shida ka sake, a haka ɗaya ke zama ɗari, ɗari ta zama dubu. Wanda ake son ajiyewa na dogon lokaci kuma a daskarar da kan tohonsa a ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili.

Abincin Murashige da Skoog ɗin ma sau da yawa yana yi wa tsirran dutse ƙarfi, sun saba da ƙasa marar taki, sai an rage shi zuwa rabi ko kwata. Wannan ya ɗauke ni lokaci kafin na yarda, kullum gani nake ƙarin abinci ai taimako ne.

Kuma aikin yana ci, ba tatsuniya ba ce. A Birtaniya akwai wani fure ɗan dangin okid, Cypripedium calceolus, a 1917 aka ce ya ƙare a ƙasar saboda masu tonowa su kai lambunsu, sai a 1930 aka samu guda ɗaya tak a tuddan Yorkshire, aka yi ta gadinsa shekara da shekaru. Irin okid kamar ƙura yake, babu guzurin abinci a cikinsa, a daji sai wata funfunar ƙasa ta ciyar da shi kafin ya tsiro. Daga 1983 masanan Kew suka duƙufa, har suka gane cewa in an ɗebi irin tun bai gama nuna ba aka shuka a kwalba yana fitowa, yau an dasa shi a wurare da dama. A Hawai kuma lambun Lyon na jami'ar jihar yana da lab tun 1991 wanda ke riƙe da jinsunan da wasunsu babu su a daji kwata-kwata.

Amma ga inda nake so a tsaya a ji ni da kyau. Tsiron da ya girma a kwalba ɗan gata ne. Bai san iska ba, bai san ƙishi ba, sukari ake ba shi a baki, ganyensa bashi da kaurin fata, 'yan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyen ma ba su iya rufewa ba saboda danshin kwalba bai taɓa tilasta musu ba. Ka fito da shi kai tsaye, cikin awa ɗaya ya yanƙwane. Sai an yaye shi, kuma yaye ne na gaske, a wanke jelin daga saiwarsa a dasa a ƙasa mai tsabta a rufe da leda, kullum a ɗan ƙara buɗewa, sati bayan sati, daga nan a kai shi rumfa, daga rumfa zuwa fili, sannan a fara tunanin dutse inda sanyi da iska ke jira. A wannan matakin ake asara mafi yawa, kuma ba kasafai ake ɗaukar hotonsa ba. Hoton kwalabe jere reras ƙarƙashin fitila shi ke burge mutane.

Na biyu, dubun nan da ka samu daga toho ɗaya ba dubu ba ne a gaskiya, ɗaya ne aka maimaita sau dubu. Gadonsu iri ɗaya, cutar da za ta kama ɗaya za ta kama duka. Ko da iri aka yi aikin ba da toho ba ana iya faɗawa wannan ramin. A dutsen Mauna Kea na Hawai ɗan uwan ahinahinan nan ya ragu ƙasa da guda 50 saboda tumaki da awakin da suka zama na daji, aka reni ɗaruruwa aka dasa, kowa na murna, sai binciken 1997 ya nuna duk waɗanda aka dasa ɗin daga uwaye biyu kacal suka fito. Ga shi kuma tsiro ne da baya karɓar garin furen kansa da kyau. Dole aka koma ana ɗaukar garin fure da hannu daga tsofaffin da suka rage a kan gangaren dutse ana haɗawa, don a faɗaɗa dangi. Bishiyar Wollemi ta Ostireliya ma, wadda David Noble ya ci karo da ita a 1994 a wani kwazazzabo na tsaunukan da ke yammacin Sidni, manyanta ba su kai ɗari ba kuma kusan gadonsu ɗaya ne. An ɓoye wurin, an yawaita ta, daga 2006 aka fara sayar wa jama'a don kar kwaɗayi ya kai kowa can, dabara mai kyau. Duk da haka a 2005 an samu cutar ruɓewar saiwa a wurin, kuma ana kyautata zaton a takalman waɗanda suka shiga ba izini ta zo. Lab ɗin duniya gaba ɗaya ba zai wanke takalmin mutumin da bai san yana ɗauke da cuta ba.

Shi yasa labarin da na fi so a duk fannin nan ba na wata babbar na'ura ba ne. Wani ɗan mitsitsin tsiro ne mai rawayan fure, Potentilla robbinsiana, a tsaunin Washington na jihar New Hampshire a Amurka, faɗinsa kamar kwabo, kusan duk na duniya a wani ɗan fili guda suke, kuma hanyar masu hawan dutse ta tsakiyar filin ta ratsa. Masu tara samfura sun kwashi ɗaruruwa, masu tafiya sun tattake saura. A 1980 aka sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa. Me aka yi? An karkatar da hanyar, an jera ɗan gajeren bangon duwatsu a kewaye, an sa mutane suna tsayawa suna yi wa masu wucewa bayani, ga abinda ke nan, ga dalilin da yasa muke roƙon ku bi ta can. A gefe guda kuma aka tara iri aka koyi yanda ake tsirar da shi a gidan reno, aka dawo da 'ya'yan aka dasa, har da wani wuri na biyu a tsaunukan Franconia na jihar. A 2002 aka cire shi daga jerin, yawansa ya haura 14,000. Bangon nan yaro ma zai tsallake shi. Ba bango ne ya tare mutane ba, sanin abinda ke bayansa ne.

Sai dai in an ce wayar da kai, ni ina jin tsoron yanda wasu ke yinsa, a zo da mota a tara mutane a yi musu lacca a raba takarda a tafi. Mutumin da ke hawa dutse a Nepal ko arewacin Indiya yana tono saiwar tsirran magani irin su jatamansi ko kutki ba jahili ba ne, ya fi ni sanin inda tsiron yake da lokacin da yake fure, ya kuma riga kowa ganin cewa bana sai ya yi tafiya mai nisa fiye da bara kafin ya cika buhu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Abinda ke tura shi bukata ce, kuma akwai ɗan kasuwa a ƙasa yana jira. Tsirran nan duka biyun suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobi tsakanin ƙasashe, amma takarda ba ta hawa dutse. In ka ce masa ya daina ba ka ba shi komai a hannu ba, ka ɓata bakinka ne. In kuwa lab ya fitar da dashe masu lafiya aka ba shi ya noma a gonarsa, aka nuna masa ya bar wani yanki na saiwar a ƙasa, ya jira sai iri ya zuba, aka kuma haɗa shi da mai saye, to nan maganar ta fara shiga. A ganina wannan ne amfanin lab mafi girma ga tsirran magani, ba mayar da su daji kaɗai ba, rage dalilin zuwa dajin.

Haka makiyayan tsaunukan Andes a Peru da Bolibiya da ke cinna wa Puya raimondii wuta. Tsiro ne da ke shafe shekaru gommai kafin ya fitar da zangarniyar fure mai tsayin mitoci, sau ɗaya a rayuwarsa, amma ganyensa ƙayoyi ne masu lanƙwasa da ke kama tumaki. Mai tunkiya yana da hujjarsa. Sai an fara sauraron hujjar kafin a nemi ya saurari taka.

Yara kuwa wani abu ne daban. Duk lokacin da aka kawo 'yan makaranta su ga kwalaben nan, ban taɓa ganin wanda bai matso ba. Tambayar farko kullum ita ce, ya yake numfashi a rufe? Ta biyu, yaushe za a mayar da shi gida? Wata yarinya ta taɓa riƙe kwalba da hannu biyu kamar an ba ta jariri, da na ce mata uwar wannan tsiron ta girmi babanta sai ta yi shiru ta ƙara ƙanƙame ta. Ba na jin yarinyar nan za ta taɓa tsinke fure a kan dutse don ɗaukar hoto. Amma kar a tsaya a lab, a kai su dutsen su gani da ido, su tsuguna su nemo shi a tsakanin tsakuwa, su ji sanyin a yatsunsu, a ba kowane aji 'yan tsirran da zai riƙa ƙirgawa duk shekara yana rubutawa. A kuma tambayi dattawan wurin sunan da suke kiran tsiron da shi a saka a allon, ba sunan Latin kaɗai ba, don mutum baya kare abinda aka sa masa baƙon suna a ƙofar gidansa.

Wani abu ɗaya da ke damuna kwanan nan shi ne hotuna. Mutum ya ga tsiro da ba kasafai ake gani ba, ya ɗauka ya ɗora a Instagram ko Facebook da ainihin wurin a jiki, niyyarsa kyakkyawa, amma ya zana wa masu tono taswira. Don Allah in kun hau dutse ku bi hanyar da aka fitar ko da ta fi tsawo, ku kankare lakar takalmanku kafin ku shiga da bayan kun fito, kar ku sayi busasshen fure ko saiwar da ba ku san daga inda ta fito ba, hoton kuma ku cire wurin kafin ku ɗora.

Ahinahinan Haleakala da aka ceto da shingen waya da korar awaki ya farfaɗo sosai, amma tun shekarun 1990 ya sake fara raguwa, wannan karon saboda zafi da ƙarancin ruwa, abinda shinge baya tarewa. Don haka kwalaben dole su ci gaba da zama a kan kanta, ba mu da zaɓi. Nawa da suka tsallake funfuna sun fara fitar da saiwa, farare sirara kamar zare, jiya na ƙirga su. Nan da sati uku in Allah ya yarda zan fara yaye su, na riga na tanadi ƙasa da leda, kuma na yi magana da malamar da ta kawo yaran nan cewa ranar da za a buɗe kwalba ta farko ta zo min da su.